Jagorar Mai Ɗaukar Hoto: Yadda Za Ka Zaɓi Manhajar Gina Shafinka na Intanet

Yawancin masu ɗaukar hoto a ƙasar Hausa a Instagram da Facebook da WhatsApp suke nuna aikinsu, kuma da gaskiyarsu, domin can jama'a suke. Sai dai duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san iyakar waɗannan kafafe. Suna matse hoto har aikin zaren babbar riga ya dushe. Abin da ka ɗora bara ya nutse ƙasa, sai mai haƙuri ne zai tono shi. Uwa uba, makullin ba a hannunka yake ba. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 kuwa, Twitter a rufe yake a Najeriya.

Shi ya sa mallakar shafi naka na kanka ya zama wani ɓangare na sana'a, kamar mallakar kyamara. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen zaɓen manhajar da za a gina shi da ita. Mutum ya ga samfuri mai ɗaukar ido, ya biya, ya yi mako guda yana gini, daga nan shafin ya zauna shekara biyu ba a ƙara masa ko hoto ɗaya ba, saboda ɗora sabon aiki ya zama wahala. Gina shafi aikin kwanaki ne, riƙe shi aikin shekaru. Don haka manhajar da ta dace da kai ita ce wadda za ka iya ɗora bikin da ka ɗauka ranar Asabar tun kafin Litinin ta wuce, da kayan aikin da ke hannunka, kuma wadda za ta bar ka ka kwashe kayanka ranar da ka so tashi.

Fara da sanin aikin da shafin zai yi

Kafin ka buɗe kowace manhaja, samu takarda ka amsa wannan tambaya: wa zai shigo shafin nan, kuma me ya kawo shi? Shafukan masu hoto aiki uku suke yi, kowanne da bukatarsa.

Na farko shi ne baje koli. Hotuna ashirin zuwa arba'in mafiya kyau, an kasa su gida-gida, da ɗan bayani a kanka, da lambar waya da maɓallin WhatsApp. Wannan shafi ba ya canzawa sosai, kuma kusan kowace manhaja za ta iya shi.

Na biyu shi ne miƙa wa mai aiki aikinsa. Wanda ya ɗauki biki tun daga kamu har zuwa kai amarya yakan fito da ɗaruruwan hotuna. Amarya tana Kano, yayarta tana Abuja, kawunta yana Jidda, kowa yana son gani. A nan kana bukatar kundi mai kalmar sirri, inda masu biki za su yi wa hotunan da suke so alama, su sauke wanda ka ba su izini. Ba kowace manhaja ce ta iya wannan ba.

Na uku shi ne taska da ciniki. Wanda ya shekara da shekaru yana ɗaukar hawan Sallah, ko kamun kifin Argungu, ko tsofaffin gine-ginen Zinder da Agadas, yana so jaridu da masu bincike su nemo hoto su saya, shi bukatarsa akwatin bincike ne, da bayani a kan kowane hoto, da hanyar karɓar kuɗi.

Bayan wannan, faɗa wa kanka gaskiya a kan abubuwa huɗu. Sau nawa a wata za ka ɗora sabon aiki? Da kwamfuta za ka yi, ko da waya? Nawa za ka iya fitarwa kowace shekara ba tare da ka ji a jikinka ba? Idan wani abu ya lalace, kai za ka gyara, ko sai ka nemo wani? Amsoshin nan kaɗai za su tankaɗe maka rabin manhajojin da ke kasuwa.

Suna, masauki da manhaja

Kowane shafi a kan abubuwa uku yake tsaye, kuma rashin bambance su ya jawo wa mutane da yawa asara. Akwai sunan shafi, wato adireshin da ake rubutawa a shiga. Akwai masauki, wato kwamfutar kamfanin da ke riƙe da hotunanka dare da rana. Sannan akwai manhajar da kake tsara shafin da ita. Wasu kamfanoni suna haɗa maka ukun a dunƙule, wani lokaci kuma kai ne za ka sayi kowanne daban.

Cikin ukun, suna ya fi daraja, domin shi ne a katinka da jikin allon shagonka. Ana iya canza manhaja, ana iya canza masauki, jama'a ba su ma sani ba, muddin suna yana hannunka. Saboda haka ka yi masa rajista da sunanka da imel ɗinka, ko da wani ka ɗauka ya gina maka shafin. Sau da yawa mai ginin ne ke yin rajistar da nasa bayanan, sai ranar da aka saɓa mai shafi ya gane ba shi da iko da komai. Haya ake yi wa suna shekara-shekara, ka rubuta ranar ƙarewarsa a inda ba za ka manta ba. Sunayen da ke ƙarewa da .ng da .com.ng suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, kuma ana biya da naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Na Nijar .ne ne, na Ghana .gh, na Kamaru .cm.

Rukunan manhajoji huɗu

Rukuni na farko shi ne masu gina shafi da ja-ka-ajiye, irin su Wix da Squarespace. A cikin burauza ake komai: ka zaɓi samfuri, ka jawo hoto ka ajiye inda kake so, ka danna wallafa. Tsaro da sabuntawa da masauki duk a wuyan kamfanin suke. Squarespace ta yi suna wajen samfurori masu tsabta da ke ba hoto fili, kuma tana ba da gwajin kwana 14. Wix tana da tsarin kyauta, amma da tallarta a jikin shafinka da sunanta a cikin adireshinka. Matsalarsu biyu ce. Da kuɗin waje ake biya, kuma tashi daga cikinsu da wuya. Shafin da aka gina a Wix ba ya ɗaukuwa zuwa wani masauki, sai dai a sake gini daga tushe. Kamar shagon haya ne a kasuwar zamani: akwai wuta, akwai mai gadi, amma ranar tashi kayanka kawai za ka ɗauka, kantar da ka ƙera tana nan.

Rukuni na biyu shi ne waɗanda aka yi domin masu hoto kaɗai: SmugMug, wadda take aiki tun 2002, da Zenfolio, da Pixieset, da Format, da Adobe Portfolio. Ƙarfinsu yana wajen kundin masu biki: kalmar sirri, zaɓen hotuna, lambar izinin saukewa, da buga tambarinka a jikin hoto ba tare da ka bi ɗaya bayan ɗaya ba. Adobe Portfolio ta bambanta da sauran, domin ta baje koli ce kawai. Tana zuwa a cikin kuɗin da mai biyan Lightroom yake biya, kuma tana jawo hotuna kai tsaye daga kundin Lightroom, amma ranar da ka daina biyan Adobe, shafin ma ya tsaya. Kada tallar sayar da hoton bango ta ruɗe ka, domin wuraren wanke hoton da waɗannan kamfanoni ke haɗe da su galibi a Amurka da Turai suke.

Rukuni na uku WordPress ce, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, kuma a yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya da ita aka gina su. Ka lura, abu biyu ne ke amsa wannan suna. WordPress.com kamfani ne da ke ba da masauki da manhaja a haɗe. WordPress.org kuwa can ake samun manhajar kyauta, ka girka ta a masaukin da ka zaɓa, ciki har da kamfanonin gida da ke karɓar naira. Ana ƙara mata ƙarfi da ƙananan manhajoji da ake kira filogin: NextGEN Gallery ko Envira Gallery ko FooGallery domin kundin hotuna, WooCommerce domin ciniki. Ita ce ta fi ba da 'yanci, kuma kusan kowane babban gari za ka samu wanda ya iya ta. Amma 'yancin da nauyinsa yake tafe: sabuntawa, tsaro da ajiyar kwafi duk naka ne. Ka kuma guji samfuri ko filogin na kuɗi da ake rabawa kyauta a bayan fage. Da yawansu an cusa musu ɓoyayyiyar ƙofa da ɓarayin intanet ke shigowa ta ciki. Araha ba ta ado.

Rukuni na huɗu shi ne manhajojin da ke zaune a kwamfutarka, ka gina shafin a gida sannan ka tura shi masauki. Dreamweaver, wadda ta fito a 1997 kuma ta koma hannun Adobe a 2005, ita ce tsohuwar sarauniyar wannan fage, sai dai an daɗe ba a ƙara mata wani abin kirki ba, kuma ba ita zan nuna wa sabon shiga ba. jAlbum, 'yar ƙasar Suwidin, tana ɗaukar jakar hotuna ta mayar da ita kundi cikakke. Publii kyauta ce, tana da sauƙin sarrafawa irin na WordPress, amma a kwamfutarka take aiki. Hugo da Jekyll kuma na wanda ya iya rubutun HTML da CSS ne, ko yake da niyyar koyo. Wannan rukuni yana da wata fa'ida da ta dace da yanayinmu: kana iya yin duk aikinka babu intanet, sai sabis ya yi kyau ka tura. Shafukan da suke fitarwa suna buɗewa da sauri, kuma ba su da ƙofofi da yawa da za a fasa. Rauninsu shi ne ba a gyara daga waya, kuma kundin sirri na masu biki ba fagensu ba ne.

Darasi daga manhajojin da suka shuɗe

Akwai lokacin da kusan duk shafin mai hoto da ke ji da kansa da Flash aka gina shi, hotuna suna shawagi, kiɗa yana tashi. Wayar iPhone ba ta taɓa buɗe Flash ba, kuma a ƙarshen Disambar 2020 Adobe ya janye daga gare ta baki ɗaya, shafukan da suka dogara da ita suka zama fanko. Microsoft ya ajiye FrontPage bayan fitowar 2003. Adobe Muse, wadda aka yi domin masu zane da masu hoto da ba sa son rubutun kwamfuta, an sanar da dakatar da ita a 2018. A 2019 Flickr ta taƙaita asusun kyauta zuwa hotuna 1,000.

Dukkansu manyan kamfanoni ne, kuma girman bai hana ba. Abin da za ka ɗauka a nan shi ne, ka tambayi hanyar fita tun kafin ka shiga. Shin manhajar tana bari ka sauke dukkan hotunanka a dunƙule? Rubuce-rubucenka fa? Shin abin da take fitarwa HTML ne na kowa da kowa, wanda kowace burauza ke karantawa? Kuma ko wace amsa ka samu, kada shafin intanet ya zama nan ne kaɗai asalin hotunanka suke.

Yadda manhaja ke riƙon hoto

A nan ne shafin mai hoto ya bambanta da na kowa, kuma a nan ya kamata ka fi tsananta bincike.

Fara da nauyi. Kyamara mai megafiksel 24 tana fitar da hoto mai fiksel 6,000 a tsawo da 4,000 a faɗi, wanda nauyinsa kan kai megabait 10. Ka jera irinsa 30 a shafi ɗaya, ka ɗora wa baƙonka megabait 300 ke nan. Mai sayen data da guminsa ba zai jira ba, kuma ba zai dawo ba. Idan ka rage dogon gefen zuwa fiksel 2,000, ka matse shi daidai gwargwado, hoton zai sauko wajen kilobait 400, talatin ɗin su zama megabait 12, kuma ido ba zai ga bambanci a waya ba. Ka yi wannan ragin da kanka a Lightroom, ko a Squoosh wadda kyauta ce, kafin ka ɗora. Maganar dpi 72 da ake yawan yi ba ta da tasiri a allo. Yawan fiksel shi ne abin dubawa.

Manhaja ta gari tana ƙara abubuwa uku a kan naka. Tana yanka kowane hoto gida-gida, ta ba waya ƙarami, ta ba kwamfuta babba. Ba ta sauke hoton da ke can ƙasa sai baƙo ya gangaro kusa da shi. Kuma tana karɓar sababbin nau'o'in hoto marasa nauyi, wato WebP da Google ya fitar a 2010 da kuma AVIF. WordPress ta fara yanka hoto gida-gida a 2015, jinkirta saukewa a 2020, ta karɓi WebP a 2021, AVIF kuma a 2024. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi, kuma fuskar waya yake fara dubawa wajen auna shafuka.

Sai launi. Ka fitar da hotunan intanet a tsarin sRGB. Wanda aka fitar a Adobe RGB yakan koɗe a wasu na'urori, jan lalle ya koma ruwan ƙasa, shuɗin shadda ya mutu. Bayan ka ɗora, ka kwatanta da na asali, ka duba fatar fuska da sararin sama, domin a nan matsewar da ta wuce kima take fara nunawa. Ka kuma lura da yanka: wasu samfurori suna tilasta wa kowane hoto ya zama murabba'i, su datse ƙafar doki ko saman rawani. Zaɓi wanda ke barin hoton tsaye a tsaye, na kwance a kwance.

Na ƙarshe, bayanan da ke ɓoye a cikin hoto. Akwai EXIF, inda kyamara ke rubuta yadda aka ɗauka, wani lokaci har da ainihin wurin. Akwai IPTC, inda kai kake rubuta sunanka da haƙƙin mallakarka, kuma tun 2018 Google yake nuna wannan suna a sakamakon binciken hotuna. Abin da kake so shi ne sunanka ya zauna, bayanin wuri ya fita, musamman idan a cikin gidan mutane aka yi ɗaukar. Wasu manhajoji suna goge duka idan sun rage hoto. Ka kuma ba hotuna sunaye masu ma'ana: hawan-daushe-kano ya fi IMG_4021 amfani ga mai nema, tare da ɗan bayanin da manhajar makafi za ta karanta musu.

Sirrin mutane da haƙƙinka

Hotunan biki da na suna amana ce. Iyalai da yawa ba sa so hoton matansu da 'ya'yansu ya fita waje, kuma sau ɗaya ya isa ya zubar da mutuncin da mai hoto ya daɗe yana tarawa. Ka nemi izini a rubuce kafin ka sa fuskar kowa a shafin baje koli, ko da saƙon WhatsApp ne da za ka adana. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara wa wannan nauyi.

Akwai wani tarko da ba kowa ya sani ba. A wasu manhajoji, kalmar sirri shafin kawai take kullewa, hoton kansa yana nan a buɗe ga duk wanda ya samu adireshinsa kai tsaye. Haka kullen da WordPress ke zuwa da shi yake. Gwajin ba wuya: buɗe kundin sirri, kwafi adireshin hoto ɗaya, ka liƙa shi a wata wayar da ba a shigar da kalmar sirri ba. Idan ya buɗe, kullen na ado ne, sai ka nemi filogin da ke kare hotunan kansu, ko ka kai aikin masu biki wurin manhajojin rukuni na biyu. Ka kuma tabbatar adireshinka da https yake farawa. Tun Yulin 2018 burauzar Chrome take yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro, kuma masaukai da yawa suna ba da ita kyauta ta hanyar Let's Encrypt.

Game da satar hoto, babu manhajar da za ta hana mutum ɗaukar hoton allonsa. Kariya ta gaskiya ita ce ka ɗora ƙaramin kwafi wanda ba zai wanku babba ba, ka buga tambari a kundin da ba a gama biya ba, ka riƙe asalin RAW a hannunka domin shi ne shaidarka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba.

Haruffanmu da aljihunmu

Idan za ka yi rubutu da Hausa, gwada haruffa masu lanƙwasa tun ranar farko. Rubuta Ƙofar Mata, ɗaurin aure, ɓangare, a kanun shafi da cikin rubutu, har da ƴ idan da rubutun Nijar kake aiki. Salon rubutu da yawa masu kyan gani ba su da waɗannan haruffa, sai ka ga akwati a gurbinsu, ko harafin ya fito da wata siffa daban da 'yan uwansa. Noto Sans na Google yana da su duka. Manhajar da ba ta bari ka canza salon rubutu ba, ta gaza a nan.

Wajen kuɗi, lissafin shekara uku za ka yi, ba na wata ɗaya ba. Haɗa kuɗin suna, masauki, samfuri, filogin, da ladan mai gyara. Kamfanoni da yawa suna karya farashin shekarar farko, su ɗaga a ta biyu, don haka farashin sabuntawa za ka duba. Abin da ake biya da dala yana hawa duk ranar da naira ta faɗi, kuma an sha yin lokutan da bankunan Najeriya suka taƙaita ko suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. Ka tabbatar kana da hanyar biya mai ɗorewa, domin shafin da ba a biya ba rufe shi ake yi. Idan kuma za ka karɓi kuɗi ta shafin, bincika ko hanyar da manhajar ta tanada tana kai kuɗi asusun bankinka. WooCommerce tana aiki da Paystack da Flutterwave.

Gwaji kafin biya

Kada ka yanke hukunci da hotunan tallar kamfani. Zaɓi manhajoji biyu, ka yi wa kowacce wannan jarrabawa da naka aikin:

1. Ɗora hotuna 30, wasu a tsaye wasu a kwance, da mai duhu da mai haske, ka ga tsawon lokacin da aka ɗauka, da abin da ke faruwa idan sabis ya yanke a tsakiya.
2. Sake jerin hotunan, ka cire biyar, ka ƙara biyar. Wannan shi ne aikin da za ka riƙa yi har abada, in ya yi maka nauyi yau, gobe ba za ka yi ba.
3. Buɗe shafin a ƙaramar wayar Android, da data ba da Wi-Fi ba, a unguwar da sabis ba shi da ƙarfi.
4. Saka adireshin a PageSpeed Insights, wato shafin auna saurin buɗewa, ka duba sakamakon waya.
5. Tura adireshin ta WhatsApp, ka ga ko hoto da suna sun fito da kyau, domin ta nan yawancin baƙinka za su zo.
6. Yi kundin sirri, ka yi masa gwajin adireshi kai tsaye.
7. Miƙa wayar ga wanda bai saba da intanet ba, ka ce ya nemo lambarka. Kada ka taimaka masa, ka dai lura da inda ya tsaya.
8. Nemo maɓallin fitar da kaya, ka sauke komai, ka duba abin da ya fito.

Kulawa bayan gini

Ware wa shafin rana ɗaya a wata. Ƙara sabon aiki, ka cire wanda ka wuce matsayinsa, domin da mafi raunin hotonka ake auna ka. Gwada lambar waya da akwatin saƙo ka tabbatar suna aiki. Mai WordPress ya ɗauki kwafin ajiya kafin kowace sabuntawa, da filogin irin UpdraftPlus, ya ajiye kwafin a wajen masaukin, ya kuma goge duk filogin da ba ya amfani da shi. Ka sa kalmar sirri mai ƙarfi da matakin tabbatarwa na biyu a asusun suna, da na masauki, da imel ɗin da ke riƙe da su. Asalin hotuna kuwa, bi ƙa'idar da mai hoto Ba'amurke Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban da shagonka.

Wacce ta dace da wa

Idan baje koli kawai kake so kuma kana biyan Lightroom, fara da Adobe Portfolio. Idan ba ka biya, kuma ba ka son ɗawainiyar gyara, Squarespace ko Format za su wadatar, muddin hanyar biyanka tabbatacciya ce. Idan biki da suna ne abincinka, kundin sirri shi ne kan gaba, sai ka duba Pixieset ko SmugMug. Idan kana son biya da kuɗin gida, da rubutun Hausa mai yawa, da ciniki, kuma za ka iya kulawar wata-wata ko kana da amintaccen mai yi maka, WordPress ce taka. Idan sabis da wuta ne matsalarka kuma kana da kwamfuta, gwada Publii ko jAlbum. Ba laifi ba ne a haɗa biyu: baje koli a wuri ɗaya, kundin masu biki a wani, duka a ƙarƙashin sunanka.

Duk wadda ka ɗauka, yi rajistar sunan shafinka a wannan makon, ka ware hotunanka ashirin da ka fi alfahari da su, ka rage musu nauyi, ka fara gwajin. Ƙaramin shafi mai saurin buɗewa da kake sabuntawa kowane wata zai kawo maka aiki fiye da katafaren da ka kasa riƙewa.